Birkin da ya kama ya ƙi saki: yadda ake gano laifi bayan an sauya ganga da faifai

Daga Yamai zuwa Difa tafiyar kilomita wajen 1.360 ce a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Doso da Damagaram da Maine-Sorowa kafin ta wuce Ngigmi. Amma mai zuwa Tumur ko Boso ko Barwa, ƙauyen da takardun faransanci ke rubutawa Baroua, tilas ya sauka daga kwalta ya kama rairayi. Da damina da kaka kuwa, idan Komadugu ta cika ta batse kamar yadda ta yi a 2019 da 2022, rairayin sai ya haɗu da laka da ruwa kwance. A irin wannan ƙasa motar da ke da daraja ita ce mai jan ƙafa huɗu, musamman Land Cruiser da Hilux na kamfanin Toyota, waɗanda ke ɗaukar buhunan tattasai da kwalayen banda da fasinjoji a lokaci guda.

Nauyin da ke kan waɗannan motoci ya ƙaru tun watan Fabrairu 2015, lokacin da aka kai hari Boso da Difa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka kuma hana hawan babur. Mutanen Barwa sun bar garinsu a wannan shekara, sai a watan Yuni 2021 aka mayar da kusan mutum dubu 6 gida. Wata biyu bayan haka, a daren 24 zuwa 25 ga Agusta, aka kai wa sojoji hari a can, 16 daga cikinsu suka rasu. Wanda ya san wannan tarihi ya san dalilin da ya sa babu direban da ke son rana ta faɗi masa a daji yana kwance ƙarƙashin mota. Daga cikin lalurorin da ke tsayar da mota a hanya kuwa akwai wadda mai ita ne ya biya kuɗi ya sayo: birkin da ke kamewa bayan an cire tsohon tsarin ganga an sa na faifai.

Me ya sa ake sauyin?

Birkin ganga, wanda makanikai ke kira tambur, kwano ne na ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da takalma biyu a cikinsa waɗanda ke buɗewa su goge shi idan an taka feda. Yana da ƙarfi kuma yana da arha, amma rufaffe ne. Rairayi da laka in sun shiga ba su fita da sauƙi, in an tsallake ruwa sai ya ɗauki lokaci kafin ya sake kamawa, in ya yi zafi ƙarfinsa ya ragu, sannan a tsofaffin motoci kullum sai an ɗaura shi da hannu. Birkin faifai, wato diski, a buɗe yake: faranti ne da wani awartakin ƙarfe, wanda ake kira etiriye, ke matsewa daga ɓangarori biyu. Yana watsar da ruwa, yana shan iska, yana kuma daidaita kansa yayin da takalman ke cinyewa.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Injiniyan Ingila Frederick Lanchester ya yi rajistar irinta tun 1902, motar tsere ta Jaguar ta ci gasar Le Mans da ita a 1953, sannan Citroën DS ta shigo da ita kasuwa sosai a 1955. Peugeot 504 da ta fito a 1968 tana da faifai a ƙafa huɗu, amma ƴar uwarta mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar kaya an bar mata ganga a baya. Tsofaffin Land Cruiser sun daɗe da ganga gaba da baya, sai a tsakiyar shekarun 1970 aka soma sa musu faifai a gaba don wasu ƙasashe. Hilux kuwa ta shekara da shekaru da faifai a gaba, ganga a baya.

Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu 1994, faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sababbin kayan gyara suka yi wa mai ƙaramin ƙarfi nisa, aka koma ga na hannu, irin waɗanda ake samu a Damagaram ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Idan mai tsohuwar mota ya sami aksul ko faifai da etiriye na wata motar da ta yi hatsari, sai ya ga dama ta samu. A ɗaura, a fitar da iska, a zagaya gari, birki ya kama kamar sabo. Sai an ɗora kaya an yi nisa sannan matsalar take bayyana.

Bambancin da ba a gani da ido

Abin da ya kamata mai mota ya fahimta shi ne, birki tsari ne guda daga feda har taya, kuma kowane sashe an auna shi ne daidai da sauran. A cikin ganga akwai sifirin masu ƙarfi da ke janyo takalma baya da zarar an ɗaga ƙafa. A etiriye babu irin wannan sifirin. Abin da ke mayar da fistin baya zoben roba ne kawai, wanda ke ɗan lanƙwashewa idan an taka, ya miƙe idan an saki, kuma tazarar da yake bayarwa ba ta kai kaurin farce ba. Saboda haka ɗan matsin mai da ya rage a cikin bututu, wanda ganga ba za ta ko ji shi ba, ya isa ya bar takalman faifai manne da faranti.

Daga nan abu ɗaya ke haifar da wani. Gogayya ta kawo zafi, zafi ya kumbura man birki, man da ya kumbura in bai sami hanyar komawa tankinsa ba sai ya ƙara matse takalma, zafi ya ƙaru. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Difa ke wuce digiri 40, a cikin rairayin da injin ke ja da ƙarfi, direba ba zai lura da wuri ba, don zai ɗauka nauyin hanya ne. Sai ya ji ƙauri, ya ga feda ta yi tauri ta tashi sama, mota ta ƙi gaba. In an bar ta ta huce na ɗan lokaci sai ta saki, a ci gaba da tafiya, ta sake kamawa. Wannan kamu da saki shi ne babbar alamar cewa mai ne ya maƙale a hanya.

Akwai kuma wani kamun daban wanda bai kamata a haɗa su ba: mota tana tafiya lafiya, amma da an taka birki sai tayoyin baya su ƙulle su ja ƙasa, gindin mota ya juyo. Na farko yana cin lokaci da dukiya. Na biyu kuwa shi ke kifar da mota da mutanen da ke bisa kaya.

A fara daga sama, a gangaro

Makaniken da ya san aikinsa ba ya fara da sayen kaya. Yana neman motar ne a lokacin da birkin ke kame, kafin ta huce, domin matsin da ya maƙale shi ne shaidar da za ta nuna wurin laifi. A sa duwatsu ko katako a tare tayoyi, a ɗaga mota da jak, a juya kowace taya da hannu. In duka huɗu sun kame, laifin yana sama, wajen feda ko babban famfon birki, wanda ake kira metir-silandir. In biyun gaba ne kawai ko biyun baya, laifin yana layin da ke ba su mai. In taya guda ce, a dubi tiyonta da etiriyenta.

Sannan a ɗauki sifana a bi hanyar mai daga sama zuwa ƙasa. Da farko a sassauta notuna biyu da suka riƙe babban famfo a jikin tulun da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi, wato serbo, a ja famfon gaba kaɗan. In tayoyi sun saki nan take, sandar da ke tura famfon ta yi tsawo. In ba su saki ba, a mayar da notunan, a ɗan sassauta bututun da ke fita daga bakin famfo. In mai ya tsarto tayoyi suka saki, laifin yana cikin famfon. In ba haka ba, a gangara zuwa mahaɗa ta gaba, a yi haka nan, har a kai bakin tiyon roba, daga ƙarshe a buɗe ɗan notin fitar da iska da ke jikin etiriye. Laifin yana tsakanin wurin ƙarshe da aka buɗe bai saki ba da wurin da aka buɗe ya saki. In an buɗe ko'ina har ƙarshe taya ba ta motsa ba, to ba mai ba ne, ƙarfe ne ya cije.

Wanda ya fara da notin ƙasa zai ga taya ta saki, ya yi murna, alhali ya zubar da shaida bai san inda laifin yake ba. A kuma kiyaye: man da ya yi zafi yana ƙona hannu, yana cin fenti, yana ɓata ido. Duk layin da aka buɗe sai an sake fitar masa da iska kafin mota ta hau hanya.

Laifuffukan da aka fi samu

Na farko shi ne ɗan bawul ɗin da ke bakin famfon motar da aka ƙera don ganga. Aikinsa ya riƙe matsin da ya kai kusan bar 0,7 a cikin bututu bayan an saki feda, don robobin ƙananan famfunan ganga su zauna daram, iska kada ta shiga. Faifai ba ya buƙatar wannan, sai dai a motar da famfonta ke ƙasa da etiriye, inda ake sa ƙarami na kusan bar 0,14. Idan an tuna cewa tayar mota na ɗaukar bar 2 zuwa sama, za a ga matsin ba shi da yawa, amma ya isa ya hana zoben roba aikinsa. Maganin shi ne a sa famfon da aka ƙera don faifai, ko a cire bawul ɗin daga layin da aka sauya kaɗai, a bar na layin da ke da ganga. Famfon faifai yana da wata fa'ida kuma: tankinsa ya fi girma, domin fistin na etiriye yana shan mai da yawa yayin da takalma ke cinyewa.

Na biyu shi ne rashin wasa a feda. A cikin famfo akwai wata ƴar ƙofa ƙarama ƙwarai wadda mai ke bi ya koma tanki idan fistin ya dawo mazauninsa. Idan an haɗa famfon wata mota da serbon wata, sau da yawa sandar da ke tsakaninsu takan yi tsawo da milimita ɗaya ko biyu, sai fistin ya tsaya a kan ƙofar ya toshe ta. Haka ma makunnin fitilar birki, in an murɗa shi da yawa, yana hana feda komawa sama gaba ɗaya. Littattafan gyaran tsofaffin Land Cruiser da Hilux sun ba da wasan milimita 3 zuwa 6 a bakin feda kafin ta fara aiki. Wannan gyara ba ya buƙatar sayen komai, sai awo da haƙuri.

Na uku tiyon roba ne. Yakan yi kyau a waje alhali cikinsa ya ɓarke, wani ɓallin roba ya zama kamar ƙyaure: mai ya wuce da ƙarfin ƙafa, ya kasa dawowa. Tiyon da ya zo tare da aksul na hannu ba wanda ya san shekarunsa, kuma wanda aka murɗe ko aka ja da ƙarfi don ya kai sabon etiriye shi ma yana shaƙewa. A motoci masu aksul guda a baya, tiyo ɗaya ne ke ba tayoyi biyu mai, don haka lalacewarsa na kame su tare. Ba a gyaran tiyo, canja shi ake yi.

Na huɗu shi ne etiriyen da ya cije. Fistin da sandunan da etiriye ke zamewa a kansu suna da rigunan roba da ke kare su. In rigar ta yage, ruwan Komadugu da laka suka shiga, tsatsa ta kama, fistin zai fita da ƙarfin mai amma ba zai koma ba. Kayan da suka daɗe a zube a kasuwa galibi sun riga sun yi tsatsa kafin a saye su. A wanke, a canja robobi, a shafa wa sanduna giris irin na birki. Giris ɗin boris na yau da kullum yana kumbura roba.

Na biyar aikin ɗauri ne. Idan maƙerin walda ne ya ƙera ƙarfen da ke riƙe etiriye, ya ɗan karkace, faifai ba zai zauna a tsakiya ba, takalmi ɗaya zai riƙa goga kullum. Takalman da suka fi kauri, ko tsohon wilin da cikinsa ke taɓa etiriye, ko wayar birkin hannu da aka ja ta yi tsauri, duk suna ba da alama iri ɗaya. Waɗannan ana gane su ne da cewa tayar tana da nauyi tun mota na sanyi.

Na shida shi ne man kansa, wanda tsofaffin makanikai ke kira Lockheed. Mai lamba DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205, DOT 4 a digiri 230, amma dukansu suna shan laima daga iska, kuma in sun sha, awon yana sauka zuwa 140 da 155. Shi ya sa yawancin masu ƙera motoci ke cewa a canja shi duk shekara biyu. Mafi muni shi ne a ƙara man inji ko man giya ko koren man Citroën a tankin birki don an rasa na gaske a hanya. Irin wannan mai yana kumbura duk robar da ya taɓa, robar famfo ta toshe ƙofar komawa, birki ya kame. In haka ta faru, wanki kaɗai bai isa ba, sai an canja dukan robobi da tiyo. Tankin da aka cika har baki, ko murfin da ƴar ƙofar iskarsa ta toshe da ƙura, su ma suna hana mai wurin faɗaɗa.

Tayoyin baya da ke ƙullewa

Idan aka taka birki nauyin mota yana zubowa gaba, baya ya yi sauƙi. Don haka masu ƙera mota suke rage ƙarfin birkin baya da wani bawul na rabo. A motocin ɗaukar kaya na Toyota da yawa wannan bawul yana da sanda da ke haɗe da aksul na baya, tana auna yadda mota ta zauna: in an yi lodi ta ƙara wa baya ƙarfi, in babu kaya ta rage. An auna shi ne da girman famfunan ganga na asali. Da zarar an sa faifai a baya, lissafin ya rushe. Sannan ga al'adar ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗauki buhuna fiye da ƙa'ida, wadda ke canja tsayin mota ta ruɗar da sandar, ga kuma masu cire bawul ɗin gaba ɗaya don ya dame su.

Sakamakon shi ne motar da ke tsayawa lafiya da lodi, amma ta juya gindi ranar da ta tafi babu kaya. Gwajin ba shi da wuya: a fili mai faɗi, babu fasinja, a gudu kaɗan, a taka birki da ƙarfi, wani ya tsaya nesa a gefe yana kallo. Tayoyin gaba ne ya kamata su fara ƙullewa. In na baya suka riga, motar ba ta isa hawa hanya ba sai an daidaita bawul ɗin ko an sa wanda ake iya murɗawa. A yi gwajin sau biyu, da kaya da babu kaya.

Dabarun hanya da ke jawo asara

Akwai abubuwan da ake yi a daji don a samu a isa gari, waɗanda sau da yawa suke zama na dindindin. Wasu na zuba ruwan sanyi a kan faifan da ya yi ja, abin da ke iya lanƙwasa shi ko ya tsaga shi. Wasu na sassauta notin iska duk lokacin da birki ya kama, su ci gaba da tafiya, har tanki ya ƙare feda ta faɗa ƙasa. Wasu kuma na daddale bututun tayar da ke kamewa, mota ta koma tafiya da birkin ƙafa uku, ta riƙa fizga gefe guda. Zafin birkin da ya kame yana kuma narkar da giris ɗin boris, yana iya kunna taya, kuma busasshen tattasai da jarkokin mai ba su jure wuta. Bayan birki ya yi irin wannan zafi, a duba boris, a canja mai, a canja takalman da fuskarsu ta yi ƙyalli.

Abin da ya rataya a wuyan mai mota

Ɗan kasuwar da zai ba da motarsa a yi mata wannan aiki yana da ikon ya yi tambayoyi kafin ya biya. Famfon na faifai ne ko na ganga? An auna sandar serbo? An sa sababbin tiyo? Me aka yi wa bawul ɗin rabo? Birkin hannu yana riƙe mota da lodi a gangare? Hanyar da ta fi aminci ita ce a ɗauko tsarin gaba ɗaya daga mota iri guda: famfo da serbo da bawul da etiriye da faifai, maimakon tsintar kowane daga wata mota. Kuma kada a karɓi mota da gwajin zagaya gari kawai. A yi tafiyar kilomita 15 ko 20 a kan kwalta, a tsaya, a kusantar da hannu ga kowane wili ba tare da an taɓa faifai ba. Wanda ya fi sauran zafi shi ne mai laifi.

Ma'aikacin da ke kula da motocin ma'aikata ko na furoje kuwa, shi ne ke sa hannu a takardar aiki, don haka ya kamata ya nemi a rubuta masa abin da aka cire da abin da aka sa. Akwai kuma batun asirans. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, kuma dokarta ta wajabta wa mai inshora ya sanar da kamfani duk wani sabon hali da ke ƙara haɗari. Sauya tsarin birki ba tare da sanarwa ba yana iya zama hujjar jayayya ranar da hatsari ya auku.

A ƙarshe, akwai motocin da ba su buƙatar sauyin ko kaɗan. Birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da mota, saboda haka motar da ta riga ta sami faifai a gaba, gangarta ta baya in an wanke ta, an ɗaura ta, an sa mata takalma masu kyau, ta isa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin da za a kashe wajen famfon da ya dace da tiyo sababbi da kwalbar mai rufaffiya bai kai ko kusa da kuɗin lodin tattasai guda da ya kwana a daji tsakanin Barwa da Difa ba, balle rayukan waɗanda ke zaune a kansa.